Tallafin Shekara Biyu: Tarihin Jinyar Zuciyar Ɗan Sanda, Daga Summerfield

Garin Summerfield ba shi da 'yan sandan kansa. Mutum kusan dubu 11 ne a cikinsa, arewa maso yamma da Greensboro, gidaje a warwatse tsakanin tsofaffin gonakin taba da makiyayar dawaki. Tun da aka ba shi matsayin gari mai majalisarsa a 1996, mutanensa suka gwammace su biya haraji kaɗan, su bar tsaro a hannun gunduma. In ka buga 911 da tsakar dare, jami'in sherif na gundumar Guilford ne zai zo maka, daga ƙaramin ofishinsu da ke cikin garin. Shi sherif a nan da ƙuri'a ake zaɓensa. BJ Barnes ya riƙe kujerar shekara 24, daga 1994 zuwa 2018, sannan Danny Rogers ya kayar da shi, ya zama baƙar fata na farko da ya hau ta. Barnes bai koma gida ya miƙe ƙafa ba: a 2019 ya nemi kujerar magajin garin Summerfield, ya kuwa ci.

Ni 'yar Zariya ce, ma'aikaciyar jinya, aikin dare nake yi a sashen gaggawa na wani asibiti da ke wannan yanki, kuma ta nan na san masu kakin gundumar. A dokar North Carolina, idan majistare ya ba da umarni a kai mai taɓin hankali asibiti ko da bai yarda ba, ɗan sanda ne ke zuwa ya ɗauko shi. Sai ka ga jami'i zaune a kujerar roba bakin ɗaki, awa huɗu, awa shida, yana gadin mutumin da ke ihu ko ke kuka, kofin kofi ya huce a hannunsa. Kafin ya zo wurinmu wataƙila daga hatsarin mota yake a kan hanyar 220, ko daga gidan da aka tsinci jariri ba ya numfashi. Mu masu jinya muna tambayar majinyaci ko yana barci, ko yana cin abinci, ko ya taɓa tunanin halaka kansa. Wanda ya kawo shi kuwa sai dai mu nuna masa inda zai sa hannu.

Abin da ya sa na bi diddigin wannan tarihi layi ɗaya ne a cikin sanarwar wata rasuwa. Ranar 30 ga Disamba 2023, Saje Philip Dale Nix na 'yan sandan Greensboro, wanda ya yi shekara 23 a aiki, ya tsaya a gidan man Sheetz da ke Colfax, tafiyar kusan minti ashirin daga nan. Ba ya bakin aiki ranar. Ya ga ana satar katan-katan na giya, ya tunkari masu satar, aka harbe shi. Cikin waɗanda suka fara durƙusawa a kansa don ceto ransa har da wani ɗan sandan rundunarsu da shi ma ba ya bakin aiki. Da rundunar ta jero ayyukan da ya riƙe, sai aka ji cewa ya yi fiye da shekara 12 yana jagorantar tawagar 'yan sanda masu dafa wa junansu, wato waɗanda ake kira idan jami'i ya harbi mutum, ko ya ga abin da ya hana shi barci, ko aurensa na tangal-tangal. Mutumin da ya kamata a kira a wannan dare shi ne a kwance.

Tun kafin gwamnati ta ware ko sisi, ana sane da ciwon. Tsakanin 1934 da 1940, zamanin da Fiorello La Guardia ke magajin garin New York, 'yan sandan birnin 93 suka kashe kansu. Aka sa wani likitan ƙwaƙwalwa, Gregory Zilboorg, da mutanensa suka bi gida-gida suna tambayar matan mamatan da abokan aikinsu. Takardun suka kwanta, sai a shekarun 1960 wani likitan, Paul Friedman, ya fito da abin da ke cikinsu. A tsawon wannan lokaci maganin da aikin ya sani guda biyu ne: giya bayan an tashi, da yin ta maza. In saje ya ga yaronsa ya fara lalacewa, sai ya ɓoye shi a wani lungu na ofis har lokacin fansho ya zo.

A 1968 abu biyu suka faru. Rundunar Los Angeles ta ɗauki Martin Reiser, masanin halayyar ɗan Adam na farko da wata rundunar 'yan sanda a Amurka ta ɗauka aiki na dindindin. A shekarar kuma, bayan tarzomar da ta ƙona unguwanni a birane da dama, majalisar dokokin tarayya ta kafa hukumar LEAA don zuba kuɗin Washington a harkar tsaron jihohi da garuruwa. Kafin a rufe ta a 1982 ta kashe biliyoyin daloli, aka sayi motoci da rediyo da kayan kwantar da tarzoma, aka tura jami'ai karatu. Abin da ya kai ga irin aikin Reiser bai taka kara ya karya ba. A 1976 aka yi dokar biyan diyyar dala dubu 50 ga iyalan jami'in da ya mutu a bakin aiki, amma aka ce ban da wanda ya kashe kansa. Wannan togaciya ta yi shekara 46 a cikin doka, kuma duk matar ɗan sanda ta san ma'anarta: wanda harsashin ɓarawo ya kashe gwarzo ne, wanda aikin ya cinye daga ciki kuwa a binne shi shiru.

Ilimin ya zo ne ta hannun sojoji. Matsin lambar waɗanda suka dawo daga yaƙin Vietnam na cikin abin da ya sa a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da ciwon firgici na bayan bala'i cikin kundin cututtukansu. A 1983 Jeffrey Mitchell, wanda ya taɓa aikin motar asibiti da kashe gobara, ya fito da tsarin tara ma'aikata bayan mummunan lamari su zauna su faɗi abin da suka gani. Daga baya masu bincike sun yi ta gardama kan amfaninsa, wasu na cewa tilasta wa mutum magana washegarin bala'i na iya fama masa ciwo, ni ma a wurin aikina na ga wanda zaman ya taimaka da wanda ya fito ya fi shiga ƙunci. Amma ya buɗe ƙofar da ta daɗe a rufe.

Babbar dokar yaƙi da laifuka ta 1994, wadda Bill Clinton ya sa wa hannu, ita ta haifi ofishin COPS a ma'aikatar shari'a, da alkawarin ƙaro 'yan sanda dubu 100 a tituna. Can cikin shafukanta akwai ɗan sashe na tallafa wa iyalan jami'ai kan damuwar aiki. A wannan shekarar da wadda ta biyo bayanta, 'yan sandan New York 26 suka kashe kansu, kuma abin da ya biyo baya a 1996 ƙungiyar sa-kai ce ta jami'an da kansu, wadda yau ake kira POPPA. Da gangan aka kafa ta a wajen rundunar, nesa da idon manya.

Dalilin nisantar manya shi ne bindiga. Wannan shi ne abin da wanda ba ya cikin aikin ba ya saurin ganewa. Jami'in da ya je ya ce wa ogansa ba ya barci, ko yana jin kamar ya huta da duniya, abu na farko da yake tsoro shi ne a karɓe masa bindiga a ajiye shi a tebur yana amsa waya. In aka karɓe ta, ba sintiri, ba kuɗin ƙarin lokaci, ba aikin gadin shago ko coci da yawancinsu ke yi a ranakun hutu don cike giɓin albashi. Kowa a ofis zai gani. Ranar ƙarin girma za a tuna, lauyan wanda ya kama zai iya tono maganar a kotu. Ga kuma bindigar nan dai ita ce ke tare da shi a mota da gida a daren da zuciya ta ƙuntata. Saboda haka ne gara ya faɗa wa wanda suka yi kurtu tare, da ya faɗa wa likitan da rundunar ke biya. North Carolina ta gane haka da ɗan wuri: a 1999 ta yi dokar da ta ba hirar jami'i da abokin aikinsa mai ba da shawara kariya irin ta sirrin likita da majinyaci, in ban da wasu 'yan togaciya. Dokar ba ta ci wa jihar ko dala ɗaya ba, kuma a ganina ta fi yawancin tallafin da ya zo bayanta amfani, domin ba don ita ba irin su Saje Nix shaidu ne kawai da ake iya kira gaban alƙali.

Kuɗi mai sunan wannan aiki bai zo ba sai kwanan nan. Bayan zanga-zangar Ferguson, kwamitin da Barack Obama ya kafa kan gyaran aikin ɗan sanda ya miƙa rahoto a Mayun 2015 mai ginshiƙai shida, na ƙarshensu lafiya da amincin jami'i. A Yulin 2016 aka kashe 'yan sanda biyar a Dallas cikin dare ɗaya, bayan kwana goma aka kashe uku a Baton Rouge. Sai sanatocin Indiana biyu, Joe Donnelly da Todd Young, ɗaya daga kowace jam'iyya, tare da Susan Brooks da Val Demings a majalisar wakilai (ita Demings tsohuwar shugabar 'yan sandan Orlando ce), suka kawo ƙudirin dokar lafiyar ƙwaƙwalwar jami'an tsaro. Donald Trump ya sa hannu a Janairun 2018. A shekarar ce gidauniyar Ruderman ta fitar da lissafin da ya zagaya ko'ina: a 2017 aƙalla 'yan sanda 140 sun kashe kansu, 129 suka mutu a bakin aiki. Ƙungiyoyin sa-kai ne ke wannan ƙirge daga jaridu da bakin iyalai; sai da aka yi wata dokar a 2020 kafin hukumar FBI ta fara tattarawa a 2022, shi ma sai rundunar da ta ga damar aikawa.

Ga yadda tallafin ke tafiya. Ofishin COPS ya buɗe ƙofa sau ɗaya a shekara. Runduna ta rubuta abin da take so ta yi, ko horar da masu dafa wa juna, ko ɗauko likita daga waje, ko shirin iyalai, ko rigakafin kashe kai, ta aika ta intanet, ta yi gasa da sauran ƙasar. Wadda ta ci za ta samu abin da a 'yan shekarun nan bai wuce dala dubu 200 ba, na shekara biyu, tana aika rahoton yadda ta kashe. Amurka na da hukumomin 'yan sanda kusan dubu 18, wajen rabinsu ba su kai jami'i goma ba, kuma waɗanda ke cin tallafin a shekara ba su kai ɗari ba. Ƙaramin garin da shugaban 'yan sandansa shi ne mai sintirin Asabar, wa zai zauna masa ya cike waɗannan takardu? Manyan rundunoni masu ma'aikacin rubuta neman tallafi su suka fi iya gasar. To a ce ma runduna mai girman ta Greensboro, da ke da gurbin jami'ai sama da 600, ta samu mafi girman kaso: in ka raba, kowane jami'i bai tashi da dala 170 a shekara ba. Kuɗin zama ɗaya ke nan, ko biyu in an yi sa'a, da likitan da ke sauraron damuwa a garin nan.

Dole in faɗi ɗaya ɓangaren, domin a Greensboro ba a maganar tausayin ɗan sanda ba tare da wani ya taɓe baki ba, kuma yana da hujja. Garin nan ne ɗalibai huɗu baƙaƙen fata na jami'ar A&T suka zauna a kantin Woolworth ranar 1 ga Fabrairu 1960 suka ƙi tashi. Garin nan ne kuma ranar 3 ga Nuwamba 1979 'yan Ku Klux Klan da 'yan Nazi suka harbe masu zanga-zanga biyar a Morningside Homes, 'yan sanda ba sa wurin alhali ɗan leƙen asirinsu na cikin ayarin maharan. Majalisar birni ba ta ba da cikakken haƙuri kan rawar 'yan sandan ba sai a Oktoban 2020. Ranar 8 ga Satumba 2018, Marcus Deon Smith, mai shekara 38, yana cikin rikicewar hankali a kan titin Church, ya roƙi 'yan sanda su taimake shi. Aka kifa shi, aka ɗaure hannayensa da ƙafafunsa ta baya, ya mutu. Likitan binciken gawa na jiha ya ce kisa ne. A 2022 birnin ya amince ya biya iyalansa dala miliyan 2.57, kusan ninki goma sha uku na tallafin da na ambata.

'Yan uwanmu na Nijar, Zabarmawa da Hausawa, waɗanda Greensboro ta zame musu gida tun shekaru da yawa, in aka taso da maganar nan a wurin suna ko biki, abin da suke cewa ke nan: wa ya ba mahaifiyar Marcus tallafin lafiyar ƙwaƙwalwa? Ban taɓa musa musu ba. Gajiyar zuciya ba ta wanke kowa daga laifi, kuma ba ni da wata shaida cewa ita ta jawo abin da aka yi wa bawan Allah nan. Abin da na sani daga bakin ƙofar sashenmu shi ne, jami'in da ya kwana uku bai yi barcin kirki ba dabam yake riƙe hannun majinyaci. Muryarsa ta fi saurin ɗagawa, haƙurinsa ya fi saurin ƙarewa, kuma wanda ke gabansa sau da yawa irin Marcus ne, ko ɗan ɗaya daga cikinmu. Majalisar jihar ma ta ɗaure abubuwan biyu da igiya ɗaya. Dokar da Gwamna Roy Cooper ya sa wa hannu a Satumban 2021, bayan zanga-zangar George Floyd, ita ce ta wajabta wa jami'i ya hana abokin aikinsa wuce gona da iri, ita ce kuma ta wajabta gwajin ƙwaƙwalwa kafin ɗaukar aiki da horo kan kula da lafiyar zuciya.

Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi ritaya da muƙamin sufeto. Yana Kano ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012, ranar da Boko Haram ta kai hari ofisoshin 'yan sanda a Bompai da hedikwatar shiyya ta ɗaya da wasu wuraren, aka rasa mutum aƙalla 185. Na taɓa ba shi labarin wannan tallafi ta waya, ya yi dariya har da tari.

"Ke 'yar nan, wato biyan mutum ake yi ya saurare su?"

Na ce, "Haka ne, Kawu. Ku a lokacin yaya kuka yi?"

"Muka wanke kaki muka koma. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Matarsa ce daga baya ta gaya mini cewa har yau in tayar mota ta fashe a layinsu sai ya bar abinci, kuma ya daina zuwa masallacin da ke da cunkoso. Maganinsa rubutu ne da Yasin, da majalisar tsofaffin abokan aiki a wurin mai shayi bayan isha'i. Ban raina majalisar nan ba, don ita ce ainihin abin da Turawa suka tsara suka sa wa doka. Sai dai a majalisa ba mai gane ranar da ya kamata a kama hannun mutum a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Kware ko Barnawa, in ma an gane kunya ba za ta bari ba. Najeriya ta kafa asusun tallafa wa 'yan sanda a 2019 don horo da kayan aiki da walwala, kuma sai a Janairun 2023 aka sanar cewa Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.

A nan Amurka togaciyar 1976 ta faɗi ne bayan harin 6 ga Janairu 2021 a majalisar tarayya, inda huɗu daga cikin jami'an da suka kare ginin suka kashe kansu a watannin da suka biyo baya. Iyalansu suka tsaya kai da fata, a Agustan 2022 Joe Biden ya sa hannu a dokar da ta ba irin waɗannan iyalai damar neman diyyar, wadda yanzu ta haura dala dubu 400. Ka lura: diyyar gawa ɗaya ta ninka abin da ake ba runduna sukutum don hana a kai ga gawar.

Aikin kuwa bai tsaya jiran kowa ba. Ranar 29 ga Afrilu 2024 aka kashe jami'ai huɗu a Charlotte wurin kama mutum ɗaya. Ranar 23 ga Disamba 2024, saura mako guda a cika shekara da rasuwar Nix, aka harbe ɗan sandan Greensboro Michael Horan a kantin Food Lion da ke titin Lawndale, hanyar da da yawa daga cikinmu mutanen Summerfield ke bi mu shiga gari. Mutanen da suka ɗauki akwatin farko su suka ɗauki na biyu. A Afrilun 2025 kuma ma'aikatar shari'a ta soke ɗaruruwan tallafi na wani reshenta, na sama da dala miliyan 800, waɗanda an riga an bayar ana cikin aiki da su. Duk mai riƙe da takardar tallafin Washington a ƙasar nan ya ji a jikinsa cewa ko shekara biyun ma ba tabbas.

Idan wa'adin tallafi ya cika, likitan da aka ɗauko ba ya komawa Washington neman albashi. Maganarsa gaban majalisar birni take zuwa, ko gaban kwamishinonin gunduma su tara da ke zama a tsohon ginin kotu a tsakiyar Greensboro, waɗanda su ke yanka wa ofishin sherif kasonsa. Shekarar kuɗi a North Carolina ranar 1 ga Yuli take farawa, saboda haka a watan Mayu da Yuni ake ja-in-ja, inda kujerar mai sauraron damuwar jami'ai za ta yi gasa da sababbin motocin sintiri, da albashin masu gadin kurkukun Greensboro da High Point, da rufin makarantun da ke yoyo. Harajin gidaje ne ke biyan mafi yawan wannan kasafi, har da na gidajenmu na Summerfield, kuma kafin a kaɗa ƙuri'a doka ta wajabta a yi zaman jin ra'ayin jama'a, inda duk wanda ya rubuta sunansa za a ba shi 'yan mintuna ya yi magana.